Tarihin Jimlar Fasif ta Ingilishi da Yadda Ta Shigo Ajin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin sawun takardarsa a ofisoshin Abuja ya san irin amsar da akan ba mai jira: *your file is being processed*. Idan ya koma bayan mako biyu sai a ce masa *it has been forwarded*. A jimlolin nan biyu an faɗi abin da ya sami takarda, amma ba a faɗi wanda ya yi aikin ba, saboda haka mai jira ba shi da wanda zai riƙe. Wannan gini shi ne malaman Ingilishi ke kira *passive*. A nan za mu rubuta shi fasif, kamar yadda ake furta shi a ajujuwanmu, kishiyarsa kuma aktif.

Lamarin bai tsaya ga teburin akawu ba. Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya dace. Aikatau ɗin da ke ɗauke da wannan sharaɗi, wato *have been made*, fasif ne marar aikau, kuma an gaje shi ne daga sashe na 51 na kundin 1979. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991, amma da yake jimlar ba ta ɗora wa kowa nauyin yin shirin ba, Ingilishi ne dai harshen muhawara a zauren.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan gini a cikin Ingilishi, sannan ta duba yadda ya sadu da Hausa a zaure da makarantar boko da gidan rediyo. Abin da muke son nunawa shi ne, aikin da Ingilishi ke yi da gini ɗaya, Hausa ta rarraba shi ga gine-gine dabam-dabam, kuma rashin koyar da wannan bambanci yana ɓata wa ɗalibanmu Hausarsu ba tare da ya gyara musu Ingilishinsu ba.

2.0 Fasif a Gidansa

Fasif na Ingilishi ya ƙunshi abu uku. Karɓau yakan dawo farkon jimla ya zauna a mazaunin aikau, aikatau ya ɗauki *be* tare da sigarsa ta uku, aikau kuma ko dai a jefar da shi ko a kawo shi a ƙarshe bayan *by*.

Ba haka ginin yake ba tun fil azal. Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, yana da wakilin suna *man* wanda ke nufin wani mutum ko mutane da ba a ambata ba, daidai da aikin da *an* ke yi a Hausa. Jamusanci yana riƙe da *man* har yanzu, Faransanci kuma yana da *on*, wanda ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ya sani sarai. Ingilishi ya yi asarar nasa wajen ƙarni na 15, fasif kuma ya ɗauki kaso mai yawa na aikinsa. Ita kuwa sigar da akawun Abuja ke amfani da ita, *is being processed*, baƙuwa ce ƙwarai. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 Bature yakan ce *the house is building* yana nufin ana gina gida. Da sabuwar sigar *is being built* ta bayyana, masu kishin tsabtar harshe sun yi ta sukarta a ƙarni na 19, suna ganinta a matsayin gurɓata Ingilishi. Yanzu ita ce daidai, wadda suka kare kuwa ɗalibi zai fāɗi jarrabawa da ita.

A ƙarni na 20 sukar ta koma kan fasif gaba ɗayansa. William Strunk a ɗan littafinsa na salon rubutu na 1918, wanda E. B. White ya sake fasalinsa a 1959, ya shawarci marubuta su fifita aktif. George Orwell ma ya yi irin wannan kira a maƙalarsa ta 1946 a kan siyasa da harshen Ingilishi. Hujjar masu sukar ita ce fasif mafaka ce ga mai gudun ɗaukar laifi, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne na Shugaba Ronald Reagan na Amurka, wanda a jawabinsa na Janairun 1987 ya ce *mistakes were made* game da badaƙalar sayar wa Iran makamai. An yi kurakurai, amma ba a ji wanda ya yi su ba.

Abin da ya fi amfani ga mai tsara manhaja shi ne binciken da aka yi a kan yadda Turawa ke magana a zahiri. Babban nahawun Quirk da abokan aikinsa na 1985 ya ƙiyasta cewa kimanin huɗu daga cikin kowace jimlar fasif biyar ba su da aikau ko kaɗan. Nahawun Longman na Biber da abokan aikinsa na 1999, wanda aka gina a kan tarin magana da rubutu na miliyoyin kalmomi, ya nuna cewa fasif ya kai kimanin kashi 25 cikin 100 na aikatau a rubutun ilimi, amma a hira ta baka bai wuce kimanin kashi 2 ba. A hirar yau da kullum Bature ya fi cewa *they've closed the road*, inda *they* ba ta nufin wasu sanannun mutane, ko kuma ya ce *he got sacked* idan abin da ya sami mutum marar daɗi ne. A tashoshin motar Nyanya da Mararaba ma hanyar da Turancin Buroka ya bi ke nan: *dem don close road*. Ashe ke nan jimlar da aka fi wahalar da ɗalibanmu a kanta, mai *by* a ƙarshe, ita ce mafi ƙarancin aukuwa a bakin masu harshen.

3.0 Majhuli a Zaure

Ba a bakin Bature Bahaushe ya fara jin labarin irin wannan gini ba. Ƙarnoni kafin zuwan boko, ɗaliban makarantun ilimi a Katsina da Kano da Zariya suna karanta Ajurumiya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, da Alfiyya ta Ibn Malik. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarfu. A waɗannan fannoni akwai babin fi'ilin da aka gina shi ga majhuli, da sunan da ke maye gurbin fa'ili, wato na'ibul fa'ili. Idan malami ya zo kan *ɗaraba Zaidun Amran* sai ya ce "Zaidu ya bugi Amru". Idan ya zo kan *ɗuriba Amrun* sai ya ce "an bugi Amru", ya wuce, ba tare da wata tangarɗa ba.

Dalilin wannan sauƙi shi ne, Larabcin littattafai da Hausa sun yi tarayya a ƙa'ida guda: idan za ka ambaci mai aiki, to ka sa shi a mazauninsa, idan kuma ka ɓoye shi, to ka ɓoye shi ke nan. Larabcin jaridu na zamani ne ya shigo da *min ƙibali* don kwaikwayon harsunan Turai, kuma za mu ga cewa Hausa ma ta kamu da irin wannan cuta. A ganinmu, wannan gado na zaure bai sami matsayin da ya cancanta ba a manhajar Hausa. Yaron da ya yi Islamiyya ya riga ya san majhuli, amma sai a koya masa fasif kamar bai taɓa jin makamancinsa ba.

4.0 Turawan Farko da Giredi na Bakwai

J. F. Schön ya buga nahawunsa na Hausa a 1862, C. H. Robinson ya biyo baya a 1897, sai F. W. H. Migeod a 1914. Waɗannan marubuta sun taso ne a kan nahawun Latin da Girka, saboda haka sun zo wa Hausa da akwatunan da suka saba da su, suna neman abin da za su zuba a kowanne. Da aka zo akwatin fasif sai aka zuba *an kama ni*, *an kama ka*, *an kama shi*. Ta fuskar ma'ana ba su yi nisa da gaskiya ba. Ta fuskar ginin jimla kuwa kuskure ne, kuma Hausar da kanta tana ba da shaida. Mu dubi waɗannan:

(1) Audu ya sayi doki.
(2) An sayi doki.
(3) An saye shi.

A jimla ta (2) doki bai motsa daga mazauninsa ba, kuma aikatau ya ƙare da wasalin *i* kamar yadda yake yi a gaban karɓau suna. A ta (3) ya ƙare da *e* kamar yadda yake yi a gaban karɓau wakilin suna. Wato doki yana nan a matsayin karɓau, *an* kuwa ita ce ke zaune inda *ya* ta zauna. Jimlar aktif ce cikakkiya, sai dai aikau ɗinta ba sananne ba ne. Tana kuma da siga a kowane lokaci: an, aka, ana, ake, akan, za a, a, ba a.

Wanda ya sauya alƙiblar nazarin shi ne F. W. Parsons na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Landan. A maƙalarsa ta 1960 ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. Na bakwai shi ne mai ƙarewa da *u*: gyaru, dafu, ɗinku, ginu. A nan kam karɓau yakan dawo gaba ya zama shi ake magana a kansa, kamar a "mota ta gyaru". M. K. M. Galadanci ya kawo wannan tsari ga ɗaliban Nijeriya ta littafinsa na 1976, Philip Jaggar ya yi nazari na musamman a kan wannan giredi a 1988, sannan manyan nahawun Paul Newman na 2000 da na Jaggar na 2001 suka faɗaɗa bayani. A ɓangaren rubutu da Hausa kuma, Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 ya taimaka wajen daidaita kalmomin da muke koyar da nahawu da su.

Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin wasu malamai sun ɗauki giredi na bakwai a matsayin fasif na Hausa kai tsaye, suna fassara *the meat was cooked* da "nama ya dafu". Bahaushe ya san ba haka ba ne. "An dafa nama" labari ne kawai, mai yiwuwa ma naman da sauran tauri. "Nama ya dafu" kuwa yabo ne, wato dahuwa ta kai inda ake so. Wanda aka ce "ya bugu" ba mari ɗaya ya sha ba. A lokaci mai ci kuma ma'anar takan koma ta yiwuwa ko rashinta: "hanyar ba ta biyuwa da damina", "wannan rediyo ba ya gyaruwa". Ingilishi yakan faɗi wannan ta hanyar ƙara *can* ko *cannot*. Akwai kuma aikatau masu yawa a wannan giredi, irin su taru da faru da auku, waɗanda ba su da wata alaƙa da fasif.

Bambancin ya fi fitowa fili a jimla kamar *the pot was broken*, wadda ke da harshen damo a Ingilishi. Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓa:

(4) An fasa tulu.
(5) Tulu ya fashe.
(6) Tulu a fashe yake.
(7) Tulu ya fasu.

Ta (4) tana nuna akwai hannun mutum. Ta (5) ita ce ta yarinyar da aka aika rijiya ta dawo hannu rabbana, domin ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta (6) hali take bayyanawa, ta (7) kuma tana nuna an so a fasa, an kuwa yi nasara. Duk uwar da ta ji ta (5) a bakin 'yarta ta san tambayar da za ta biyo baya.

Ita kanta *an* tana da wani aiki da fasif na Ingilishi bai san da shi ba, wato ladabi da kunya. Matar da ta tarbi maigida da "an dawo?" ta san wanda ya dawo. Yaron da ya ce "ana kiranka" sau da yawa sunan mahaifinsa ne yake kauce wa ambata. "A yi haƙuri" ta fi "ka yi haƙuri" taushi a gaban babba. A nan ana ɓoye suna ne don girmamawa, alhali kowa ya san mai shi.

5.0 Fassara da Gidan Rediyo

Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina wadda ta fara aiki a 1921, suna cikin makarantun da suka fara samar da Hausawa masu tunani da harsunan biyu. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933 a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta fuskanci matsalar a aikace. Wanda ya karanta rubutun Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairun 1939, zai ga cewa mutanen wancan zamani sukan warware jimlar Turanci ne su sake ɗaura ta da Hausa. Suna da lokaci, kuma kunnensu ya ƙoshi da Hausar gida kafin su san Turanci.

Rediyo ya zo da wani yanayi dabam. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka a 1979. Labari yakan iso da Ingilishi, mai fassara kuma agogo yana binsa. Gidajen rediyo sun yi wa Hausa hidima mai yawa wajen ƙirƙirar kalmomi, ba ma musun wannan. Amma a cikin gaggawar fassarar labarai, a rediyo da jaridu baki ɗaya, wasu gine-gine biyu sun sami gindin zama.

Na farko shi ne fassara *ten people were killed in an accident* da "an kashe mutum goma a hatsarin mota". *An* ta Hausa mutum take nufi, ba ta nufin mota ko ambaliya ko zaki. Mai sauraro a ƙauye idan ya ji "an kashe" zai tambaya su wa suka kashe su. A ƙasar da jita-jita kan haddasa tarzoma, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Abin da ya dace shi ne "mutum goma sun mutu", ko "hatsarin mota ya halaka mutum goma".

Na biyu shi ne neman abin da zai tsaya a madadin *by*. Sai a ji "an buɗe taron ta hannun gwamna", ko "an kama shi daga 'yan sanda". A Hausa "ta hannun" ɗan aike take nunawa: "an aiko da kuɗin ta hannun direba" na nufin wani ne ya aiko, direba ya kawo kawai. Saboda haka jimlar farko ta mayar da gwamna ɗan aike. Idan ana son a fara da taron kuma a ambaci gwamna, Hausa tana da hanyarta: "taron, gwamna ne ya buɗe shi".

6.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

A wata ƙaramar sakandare da ke yankin Gwagwalada mun taɓa zama a bayan aji muna kallon darasin Ingilishi. Malama ta rubuta *Musa killed the snake*, yara suka juya ta zuwa *the snake was killed by Musa*, aka yi haka da jimloli kusan ashirin, kowa yana cin maki. Da muka nemi su faɗi jimlar ta biyu da Hausa, da yawansu sun rubuta "an kashe maciji ta hannun Musa". Da muka tambayi wani yaro ko haka zai faɗa wa kakarsa, sai ya yi dariya ya ce a'a, cewa zai yi "Musa ne ya kashe macijin". Yaron ya san Hausa. Abin da makaranta ta cusa masa shi ne cewa Hausar takarda dole ta bi sawun Turanci. Da muka juya tambayar muka ce yaushe ne Bature zai zaɓi fasif ya bar aktif, ajin ya yi tsit.

Atisayen juya jimla ya daɗe a littattafan Ingilishi, kuma yana da sauƙin dubawa ga malami mai ɗalibai da yawa, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Illarsa ita ce yana nuna wa yaro cewa aktif da fasif abu ɗaya ne da aka sauya wa riga, alhali mai harshe yakan zaɓi fasif ne don dalili: ko bai san aikau ba, ko aikau ba shi da muhimmanci, ko yana son ya ci gaba da magana a kan abin da ya riga ya ambata, ko kuma yana son ya ɓoye.

Manufar Ilimi ta Ƙasa tun daga 1977 ta ba harshen uwa gurbi a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar a Abuja cewa an janye manufar, an koma ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko wace manufa ke ci, yaron da ke zaune a aji a Kuje ko Bwari da harsuna biyu ko uku yake tunani, kuma littafin kimiyyar da za a ba shi cike yake da fasif. Idan malamin Ingilishi ya fara da *an* wajen gabatar da fasif marar aikau, wanda shi ne mafi yawa, ya samu tsani a shirye. Fasif mai *by* sai ya zo daga baya, tare da gargaɗi ƙarara cewa Hausa ba ta da irinsa.

A ɓangaren manhajar Hausa, muna ba da shawarar a daina sanya giredi na bakwai ƙarƙashin kan magana da aka aro daga nahawun Ingilishi. A koyar da shi a cikin jerin giredoji, tare da ma'anoninsa na cikar aiki da yiwuwa, a kuma ware darasi guda a babbar sakandare inda za a jera jimloli irin na (4) zuwa (7) ɗalibai su faɗi wanda zai furta kowacce da kuma halin da zai furta ta. A darasin fassara kuma a kawo musu takardun gaske, irin sanarwar ofis da kanun jarida da rubutun da akan yi da jan fenti a bangon ginin da za a rushe, su fassara, sannan su amsa tambaya ɗaya a kan kowacce: wa ya yi aikin, kuma me ya sa ba a ambace shi ba? Masu duba takardun jarrabawar Hausa ma ya kamata jagoran ba da makinsu ya fayyace cewa "ta hannun" a madadin *by* kuskuren ma'ana ne, a rage maki a kansa kamar yadda ake ragewa idan ɗalibi ya sauya lokacin aikatau.